Kwana Uku a Bakin Tafki a Dajin Zurmi

Ran nan jikarmu tana binciken wata tsohuwar adaka a ɗaki, sai ta ciro wani hoto wanda ya fara yin ja don tsufa. A cikin hoton akwai mota a gindin tsamiya, an ɗaura tamfol daga rufinta zuwa reshe, ga kuma yara uku a tsugune bakin murhu. Bayansu ruwa ne shimfiɗe, bayan ruwan kuwa dutse. An rubuta Disamba 1981 a bayan hoton. Ta ce, "Kaka, wannan wace ƙasa ce?" Muka ce mata ai ƙasarmu ce, dajin Zurmi ke nan, yarinyar nan mai kitso biyu kuwa uwarta ce. Ta ce, "To, yaushe za ku kai mu?" Muka dubi juna, muka rasa abin faɗi. Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wannan tafiya, da abin da muka koya a cikinta, ko ma sami amsar da za mu ba yarinyar.

Gida Mai Ƙafa Huɗu

A Kano muka fara ganin mota mai ɗakin kwana. A shekarun 1970 Turawa masu yawon buɗe ido sukan ƙetare Sahara da mota, su biyo ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, su sauka Kano a wani zango da aka tanadar musu. Wata rana wani daga cikinsu ya bar mu muka leƙa cikin tasa. Ga gado, ga teburi, ga murhu, ga ɗan wurin wanke kwanuka, duk a cikin mota guda. Muka koma gida Zariya muna ta zancen abin.

A ƙasashensu wannan tsohuwar al'ada ce. A Amurka akwai wani babban gandun daji mai suna Yaloston, wanda aka keɓe tun 1872. Yana cikin duwatsu, da tafki a bisa tudu wanda ya fi ƙafa 7,000 sama da teku. Iyali sukan zo da irin waɗannan motoci, su biya kuɗin kwana, a nuna musu filin da za su tsaya. A waɗansu wuraren har akwai famfo da wutar lantarki da za a jona wa motar. Akwai ma'aikata masu kula da dajin, da doka mai ƙarfi a kan a kulle abinci saboda beyar.

Mu dai abin da muke da shi tsohuwar kombi ce ta Volkswagen, irin wadda ta cika hanyoyinmu a wancan zamani. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, ba ruwansa da lagireto, don haka ta dace da daji. Muka kai ta wurin kafinta. Ya cire kujerun tsakiya, ya yi mana benci biyu masu murfi, waɗanda in an haɗa su da katako sai su zama gado. Uwargida ta ɗinka labule. Muka zuba risho da kananzir, da fitilar ƙwai, da tocila, da jarka huɗu ta ruwa, da tabarmi, da barguna, da gidan sauro, da gatari da shebur. Abinci kuwa shinkafa da wake, da garin tuwo, da kuka da daddawa, da ƙuli-ƙuli, da shayi. Yara suka sa wa motar suna Kunkuru, wai don tana tafe da ɗakinta.

Da kakar yaran ta ga wannan shiri sai ta yi dariya. Ta ce ai ba sabon abu muka ƙago ba. Ubanta farke ne, ya sha zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni yana kwana a zango. Ta ce, "Amma fa ku sani, ayari ba ya sauka inda ya ga dama. Madugu yakan aika a gai da mai ƙasa tukuna." Muka ji maganar, amma sai da muka isa daji muka gane nauyinta.

Daga Zariya Zuwa Zurmi

Wani abokin aikinmu, malamin makaranta mutumin Zurmi, shi ya kwaɗaita mana wurin. Ya ce akwai wani tafki a gindin dutse a gefen Dajin Zamfara wanda ba ya ƙafewa sai can cikin bazara. Ya rubuta mana takarda zuwa ga kawunsa, wanda yake maigari ne a wani ƙauye a bakin dajin.

Ran Jumma'a da asuba, mako guda kafin Kirsimeti, muka tashi. Muka bi ta Funtuwa da Tsafe, muka wuce dutsen Kwatarkwashi yana tsaye cikin hazo, muka sha mai a Gusau, sa'an nan muka miƙa arewa zuwa Ƙaura Namoda. A lokacin duk wannan ƙasa cikin Jihar Sakkwato take, gama sai ran 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara.

A Ƙaura muka tsaya yara su ga inda hanyar jirgin ƙasa ta ƙare. Wannan reshe ya taso daga Zariya, ya iso Ƙaura a 1929, shi ne kuma ya yi ta kwasar gyaɗa da auduga na ƙasar Zamfara zuwa teku. Garin ya ci sunan Namoda ne, jarumin Fulani Alibawa na zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Daga Ƙaura hanya ta rabu. Ɗaya ta nufi Shinkafi, mai babbar kasuwar nan ta ran Alhamis, ɗaya kuma ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya da Katsina. Muka bi ta biyun.

Zurmi tsohon gari ne a bakin Gulbin Bunsuru, wanda yakan haɗu da Gulbin Gagare can wajen Isa, su gangara cikin Gulbin Rima. A cikin ƙasar Zurmi ne Dutsi take, inda Zamfarawa suke cewa sarakunansu na farko suka zauna, har ana nuna waɗansu dogayen kaburbura ana cewa nasu ne. Mun iske gulbin ya janye, sai yashi fari fat da ɗan ruwa yana bin gefe. Masu lambu suna ta ɗiban ruwa da jigo suna ba albasa da tumatir. Muka sayi rake da ƙosai, muka kama hanyar Jibiya, kafin mu kai Gidan Jaja muka saki kwalta muka shiga turba.

A Ƙofar Maigari

Da la'asar muka iso ƙauyen. Muka iske maigari a zaure da dattawansa. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa.

"Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Zariya. Ɗanka ne ya aiko mu."

Aka karanta masa takardar. Ya tambayi lafiyar ɗan nasa, da ta mutanen gida, da gajiyar hanya. Sa'an nan ya ce a gyara mana ɗaki. Muka ce, ranka ya daɗe, ai mu a bakin tafki muke so mu kwana, cikin mota. Zaure ya yi tsit. Wani dattijo ya ce, "Malam, laifin mi munka yi muku?" Da ƙyar muka fahimtar da su cewa sha'awa ce kurum, muna so yara su ga daji da idonsu. Maigari ya yi murmushi ya ce ai ɗan boko ba ya rasa abin mamaki. Ya sa aka kawo mana fura, ya haɗa mu da wani saurayi ya nuna mana hanya.

Dajin Zamfara gandu ne da aka keɓe tun zamanin Turawa, daga baya kuma aka mai da shi makiyaya. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo domin irin waɗannan dazuzzuka. Ya miƙe daga gabashin Zurmi har iyakar Katsina, inda Dajin Rugu ya karɓe shi, ya kuma nausa arewa wajen iyakar Nijar. A cikinsa an bar waɗansu tsofaffin garuruwa su ci gaba da noma, kamar Dumburum da Shamushalle. Sauran kuwa na itace ne da ciyawa da dabba.

Muka ratsa ta cikin sabara da geza da kalgo. Can sai manyan itatuwa suka fara bayyana, marke da ƙirya da kanya, da kuka jefi-jefi ta zubar da ganye. Gamba ta bushe ta yi fari, tana shafar gilashin mota. Garken zabin daji ya gilma a gabanmu, yara suka yi ta ihu. Muna hawa wani ɗan tudu sai ga tafkin a ƙasa, rana tana faɗuwa a kansa. Ta gabas baƙin dutse ya tsare shi. Bado ya rufe gefe guda, kirinjijiya suna ta kuka a tsakiya, zalɓe kuwa yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi.

Mun Sauka a Kan Hanyar Shanu

Saurayin ya koma don kada dare ya yi masa. Muka duba muka ga wani fili shararre, ba ciyawa ba ƙaya, ya gangara sumul har bakin ruwa. Muka ce ai wuri ya samu. Muka tsai da Kunkuru a tsakiyarsa, muka fara sauke kaya.

Ba mu gama kafa tamfol ba sai ga wani dattijon Bafillace da sanda a kafaɗa da malfa. Ya yi sallama, muka amsa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyi, bai yi gaggawa ba. Sa'an nan ya nuna ƙasa da bakin sandarsa.

"Malam, wurin ga burtali na. In kun kwana nan, da safe shanu za su bi ta kanku."

Muka duba da kyau. Ashe abin da ya share filin kofato ne. Kunya ta kama mu. Dattijon, wanda daga baya muka ji shi ne Arɗon rugagen wurin, ya kai mu gindin wata tsamiya a kan ɗan tudu. Ya ce nan iska za ta kore mana sauro, dutse kuma zai tare mana hunturu. Ya ce kada mu kusanci gindin kukar can, akwai zuma a ciki. Ya nuna mana inda mata suke ɗiban ruwa, da inda dabbobi suke sha, da gefen da ba a wanki. Ba allo, ba rubutu, amma kowane taku na bakin tafkin nan da ƙa'idarsa. Gaskiyar masu magana, da ɗan gari akan ci gari.

Daren Fari

Uwargida ta dafa shinkafa da wake a risho, muka ci da mai da yaji. Duhu ya sauka gaba ɗaya, gama wata ba zai fito ba sai tsakar dare. Zara ta haskaka a yamma, kaza da 'ya'yanta suka hau sama. Yaranmu, waɗanda suka saba da fitilun gari, suka kwanta rigingine a tabarma suna ƙirga taurari har suka gaji. Sanyi ya fara shiga ƙashi. Muka sa su a gadon mota da uwarsu, maigida kuwa ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tamfol.

Wajen ƙarfe ɗaya dila ya yi kuka a bayan dutse. Can nesa kura ta amsa. Ba a jima ba sai muka ji abin da ya fi waɗannan tayar da hankali, wato takun mutum a kan busasshen ganye, da tari ƙasa-ƙasa. Uwargida ta leƙo ta labule ta ce, "Malam, ka ji?" Ai kuwa an ji. A wannan sa'a muka tuna cewa mun kawo yara uku cikin daji, mil da yawa daga ɗan sanda ko asibiti, ba mu da makamin da ya wuce gatarin faskare. Ƙofar kombi kuwa ko yaro ya iya ɓalle ta. Muka yi addu'a a zuci, maigida ya ɗauki tocila ya haska.

Mutum biyu ne zaune a gindin marke, sun lulluɓa da gwado, da kwari da baka a gefensu. Ɗayan ya ɗaga hannu ya kare idonsa.

"Malam, kwanta abinka. Maigari ya ce mu kwana nan. Baƙonshi ba ya kwana daji shi kaɗai."

Tun bayan sallar lisha suke wurin, ba su so su dame mu ba ne. Muka hura wuta, muka dafa shayi, muka sha tare. Dare ukun nan duka haka suka yi. Da za mu tafi muka miƙa musu 'yan Nairori, suka ƙi karɓa, suka ce in maigari ya ji sun shiga uku. Da ƙyar suka karɓi ganyen shayi da sukari.

Safiya a Mashaya

Da hantsi muka ji ƙasa tana motsi. Ƙura ta tashi daga cikin itatuwa, sai ga shanu suna gangarowa, farare da jajaye masu manyan ƙahoni, garke bayan garke, daidai ta inda muka so kwana. Balbelu suna binsu, 'yan samari suna kiran kowace saniya da sunanta. Babu wanda ya yi magana a cikinmu sai ƙaramin ɗanmu, wanda ya ce, "Baba, da sun taka Kunkuru."

Bayan shanu sai tumaki da awaki, bayansu kuma jakunan ƙauye da tuluna. Matan Fulani suka biyo da ƙore a ka, suka sayar mana da nono da man shanu, suka yi ta dariyar gadonmu. Wani masunci ya kawo tarwaɗa huɗu. Da rana maza suka hau dutsen. Hawan bai fi rabin awa ba, amma daga bisa ana ganin daji har inda hazo ya yanke, da rugage kamar an kife ƙore, da gonakin ƙauye an girbe gero da dawa an bar kara.

A cikin gonakin nan muka ga shanu suna kiwo, mai gona kuwa yana zaune yana hira da makiyayi. Saurayin da ya raka mu ya bayyana mana. In an kwashe amfanin gona, manomi yakan gayyaci Bafillace ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki. Shi kuma ya ba da damin gero, matan rugga su sami na fura. In saniya ta yi ɓarna da damina, maigari da Arɗo su zauna su kimanta, a biya, magana ta ƙare. Ba mu ce ba a saɓawa ba, gama harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma akwai zauren da ake kai ƙara, akwai kuma wanda in ya yi magana ana ji.

Abin da Dajin Ya Koya Mana

Ga waɗansu abubuwa da muka riƙe, waɗanda za su amfani kowane iyali mai niyyar kwana a waje, ko ina ne.

Na fari, ruwa. Kome kyan ruwan tafki, kada a sha sai an tace an tafasa. A wancan zamani kurkunu ya addabi ƙauyuka da yawa, ta ruwan sha kuwa yake shiga jiki. An gode Allah, a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Amma tsargiya tana nan, ita kuwa ta fata take shiga sa'ad da mutum yake wanka ko wasa cikin ruwan da ba ya gudu. Yaranmu sun yi kuka don mun hana su iyo, amma gara kukan yini ɗaya da fitsarin jini.

Na biyu, wuta. Da hunturu ciyawa kamar auduga take. A share wuri kewaye da murhu, a kafa duwatsu, in an gama a kashe da ruwa a rufe da ƙasa. Gobara guda takan cinye abincin shanu na rani duka. Itacen wuta kuma a tsinci busasshe, kada a sari ɗanye.

Na uku, ƙwari da macizai. A kakkaɓe takalmi da bargo kafin a sa, gama kunama tana son ɗumi. Kada yaro ya sa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse. Da dare kada a taka ko'ina sai da tocila, saboda kububuwa.

Na huɗu, a bar wuri yadda aka same shi. Gwangwani da kwalba a koma da su gida, don dabba takan taka ta ji ciwo.

Na biyar, wanda ya fi sauran duka, shi ne maganar kakar yara. A gai da masu wuri, a nemi izini, a tambaya kafin a kafa ko da turke ɗaya.

Lahadi da Litinin

Ran Lahadi da safe muka zauna a gindin tsamiya muka yi sujadarmu ta iyali. Masu tsaronmu Musulmi ne, sun kuma san ko mu su wane ne, gama takardar ta faɗa. Da suka ga mun buɗe littafi sai suka ja gefe, har suka tsai da wani yaro mai jaki ya dakata sai mun gama. Mu ma in sun tsaya salla mukan sa yara su yi shiru. Ba wanda ya koya wa wani wannan.

Ran Litinin muka ɗaure kaya. A hanyar fita akwai wani busasshen rafi da muka ƙetare lafiya ran Jumma'a. Wannan karo maigida ya kauce wa sawun da muka bi, sai ƙafafun baya suka nutse cikin yashi har gindin inji. Muka haƙa da shebur, muka shimfiɗa kara, muka sassauta iskar taya, duk a banza. Rana ta take, ruwanmu kuma saura jarka guda.

Wani yaro mai kiwo ya gan mu, ya ruga. Kafin awa guda sai ga mutanen ƙauye da bijimai biyu na huɗa da igiya, ga kuma samarin rugga wajen goma, Arɗo yana biye da su. Aka ɗaura igiya a gaba, sauran suka sa kafaɗa a baya, manomi a nan, makiyayi a nan, ana ba da baki ana amsawa. A karo na uku Kunkuru ta yi tsalle ta fito, yashi ya wanke fuskokinsu, kowa ya fashe da dariya. Arɗo ya ba uwargida ƙwaryar man shanu. Ya ce, "Ku gai da gida. In Allah ya kai mu baɗi, ku komo." Muka ce in Allah ya yarda.

Dajin a Yau

Ba mu koma ba. Hidimar duniya ta sha kanmu, ga shi yanzu hanyar ta rufe. A 1983 ciwon bushiya ya kashe shanu masu yawa a ƙasar nan, fari kuma ya biyo a 1984. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali da mashaya, aka yanka filayen makiyaya aka raba wa masu hali. Masu gatari suka bi manyan itatuwa don itacen wuta da gawayi. Satar shanu ta yawaita, wanda aka zalunta ya kai ƙara bai sami gaskiya ba. Daga wajen 2011 abin ya zama na bindiga. 'Yan fashin daji suka yi sansani a cikin dazuzzuka, 'yan sa-kai suka tashi, ramuwa ta bi ramuwa, mai laifi da marar laifi duk aka haɗa.

A Fabrairu 2018 aka kashe mutane da yawa a Birane cikin ƙasar Zurmi. Daga 2019 dubban mutanen wannan yanki da na gabashin Sakkwato suka ƙetara zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. A Satumba 2021 gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara na wani lokaci don ta matsa wa 'yan bindiga. Dumburum, wadda muka sani da sunan garin manoma a tsakiyar makiyaya, ta koma sunan da ake ji a labarin hare-hare. Manoma da yawa sun bar gonakinsu, makiyaya da yawa sun rasa garkensu. Don haka muna faɗa a fili, kada wani ya karanta wannan labari ya ɗauki iyalinsa ya nufi dajin nan yanzu.

Sau da yawa mukan tuna da mutanen nan da suka sa kafaɗa a bayan motarmu. Yawancinsu sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya. 'Ya'yansu da jikokinsu ne suke cikin wannan wuta. Da muka tsufa muka gane abin da ya sa muka yi barci lafiya dare uku a tsakiyar daji. Gadon katako da risho da jarka sun ba mu jin daɗi, amma abin da ya tsare ranmu shi ne akwai amana tsakanin zauren maigari da ruggar Arɗo, mu kuwa muka sami inuwa a ƙarƙashinta. Ko a Yaloston, da za a janye masu kula da dajin da dokarsu, motar da ta fi kowace tsada ba za ta hana mai ita fargaba ba.

Duk da haka ba mu fid da zuciya ba, gama wannan ƙasa ta taɓa ganin irin wannan zamani. A 1853 wani Bature matafiyi, Bajamushe mai suna Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi daga Katsina za shi wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Lokacin yaƙi ne da Gobirawa. Da ayarinsu ya kai Dajin Gundumi, can yamma kan hanyar Wurno, sai da suka yi tafiyar fiye da awa 20 ba su yada zango ba don tsoron mahara. Shekara 128 bayan wannan, mu muka kwana a dajin Zurmi da yara ƙanana, ba abin da ya taɓa mu. Dajin da ya yi tsoro ya koma ya yi lafiya, mutane ne kuwa suka mai da shi haka, da shari'ar gaskiya da haƙuri da juna.

To, ga abin da muka faɗa wa jikarmu daga baya. Mun ce mata ba mu san rana ba, watakila kuma ba mu ne za mu kai ta ba. Amma ta adana hoton. In ranar ta zo, ta fara tsayawa a ƙofar maigari ta yi gaisuwa, ta nemi jikokin Arɗo ta ce musu mun gode da man shanu, kada kuma ta kafa tamfol a kan burtali. Kafin nan, muna roƙon masu karatu su riƙa tunawa da mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda cikin addu'arsu ta iyali, manomi da makiyayi duka. Allah ya kawo mana zaman lafiya, amin.